Haruffa Masu Ƙugiya

Asabar na zaɓa, don ba kowa a ofis
sai Malam Barau maigadi da rediyonsa mai tari.
Kwamfuta goma sha huɗu, kowace da halinta.
Ta bakin taga ba ta farkawa sai an mare ta a gefe.
Ta Hajiya Tabawa kuwa, kalmar sirrinta
na manne a gindin allo da salatif:
sunan autanta, da shekarar da ta sauke farali.

A takarda aikin bai kai layi uku ba.
A saka manhajar ƙididdiga, siga ɗaya tak,
a nuna wa kowace hanyar rumbu guda
cikin uwar garken da ke huci a ɗakin baya,
don in Sagir ya haɗa jimilla a saman bene,
Uwani ta haɗa tata a ƙasa,
kada su ƙara fitowa da amsa biyu
su yi ta musu har la'asar ta kuɓuce musu.

Ta farko ta karɓa ba gardama.
Ta biyu ta ce ba ni da izini.
Ni!
Ni da na ja kebul ɗin nan ta cikin silin bara,
na sauko da yanar gizo ta gaske a ɗankwalina.

Katangar tsaro ta tare ƙunshin da nake saukewa.
Na rubuta mata adireshi, lamba bayan lamba,
kamar mai yi wa ɗan adaidaita kwatance a Yakasai:
miƙe, karya hagu, kada ka bi ta gaban masallaci, an toshe.
Sai ta sakar min hanya.

Sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta,
saura kashi tara a gama.
Malam Barau ya ce man janareta sai Litinin,
sai an sa hannu.
Na zauna na ci awarata da ta huce,
ina jin odar motoci daga gadar Ƙofar Nasarawa,
ina lissafin datar da na ƙona daga aljihuna.

Bayan azahar fanka ta motsa.
Ta bakwai, ta takwas, gwiwata duk ƙurar ƙarƙashin tebur.
Ta goma sha ɗaya agogonta na shekarar da ta wuce,
uwar garke ta ƙi gaisawa da ita
sai da na gyara mata kwanan wata.

Da suka haɗu duka, na buɗe fayil don gwaji,
nauyin jariran da aka haifa a damina.
Nan cikina ya ɗuri ruwa.
Ɗorayi ta koma alamar tambaya da guntun suna.
Ƙofar Ruwa an sare mata kai.
Duk inda harafi ya lanƙwasa wuya, na'ura ta ga baƙo,
ta tattara yara ɗari biyu da shida
ta zuba su a gurbin da ta kira babu.

Layi ɗaya ne a cikin saiti.
Wanda ya rubuta shi bai taɓa jin an kira Ɗanladi cin tuwo ba,
ban kuma ga laifinsa ba.
Na gyara a rumbu, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa
kamar mai zagayen gadaje a ɗakin haihuwa.

Ƙugiyoyi suka dawo.
A layi na dubu da arba'in, ga Ɗayyaba,
kilo biyu da ɗigo ɗaya,
ta koma cikin lissafi da ɗan nauyinta,
har matsakaicin unguwarsu ya ɗan sunkuya dominta.

Litinin ba mai ce min sannu.
Uwani za ta danna, Sagir zai danna,
amsa ɗaya ta fito, su wuce shan shayi.

Malam Barau ya leƙo da makullai:
Injiniya, an gama wasan?
Na ce an gama.
Takardar Hajiya kuwa na ɓanɓare ta,
na saka mata a aljihun tebur, ƙarƙashin carbinta.