Rarar Ɗinki

Da hantsi na sauka a Tudun Wada,
leda a hammata, riguna uku a ciki.
Na wuce masu niƙa, na wuce mai gyaran rediyo,
har shagon Lantana, inda keke ke ta caccaka
kamar kaza ta samu tsaki.

Na ce, "Tun da na yaye Nafi'u babu mai shiga.
Wannan tana cizon hammata,
wannan zik ɗinta ya kafe a gadon baya.
Ga sunan ɗiyar ƙanwata jibi.
Wata biyu ke nan na bar tuwon dare
ko zan koma yadda nake kafin ciki."

Ba ta ɗago ba. Fil uku a leɓenta,
ta amsa ta gefen baki:
"Yunwa ba tela ba ce.
Miƙe. Daina haɗiye numfashi,
ni ba 'yar kallo ba ce. Saki tumbin, saki."

Tef ya zagaya ni, ƙirji, ƙugu, kafaɗa.
Ta buɗe tsohon littafin lissafin ɗanta,
ta nemo awona na shekara huɗu baya,
ta ja masa layi ɗaya, babu jaje,
ta rubuta sabo a ƙasa.
"Yadi ake yankawa," in ji ta,
"ban taɓa sa almakashi a jiki."

"Ke mai kafaɗa ce, bar hannu mai soso.
Manyan furannin nan, bar wa dogayen Samaru.
Kamun ƙugu ya tashi, mu kama ƙasan ƙirji,
sauran ya zubo da kansa.
Shafi kuwa na auduga,
don zafin bazarar Zariya ba ya jin magiya,
leshi mai ƙaiƙayi sai ya hana ki cin biki."

Ta sa ni na zauna, ta sa ni na duƙa,
na ɗaga hannu kamar mai sauko da kwano daga kanta,
na yi ruku'u, na ɗaga ƙafa kamar zan hau acaɓa.
"Rigar da ke kyau a tsaye kaɗai
ta mutum-mutumi ce, ba ta mai aiki."

Ta uku na fiddo da kunya.
Atamfar Inna ce, ruwan ganye, ta koɗe a kafaɗa,
wani tsoho ya ɗinka ta a Ƙofar Doka
tun ban san hagu da dama ba.
Lantana ta juya ta, ta bi gefen da yatsa,
sai ta cire fil daga baki:

"Zo ki gani. Yatsa uku ya naɗe a kowane gefe.
Wannan ya san mace.
Ya san akwai haihuwa, akwai jinya, akwai daɗi,
ya ajiye wa gobe wuri.
Yaran yanzu a bakin alli suke yanka,
sai ka ce ba za a kwana a tashi da jiki."

Ta sa reza, zare ya yi ta ɓalli ɗaya-ɗaya.
Abin da ya fito bai taɓa ganin rana ba:
kore shar, sabo fil,
kalar da Inna ta gani ranar da ta taya
a Sabon Gari, ta ƙirga kuɗin adashi.
Na juya na kalli titi,
wai hayaƙin injin niƙa ne ya shigo ɗaki.

"Layin zai nuna," ta ce. "In rufe da leshi?"
Na ce a bar shi.

Ranar suna na ci tuwo malmala biyu.
Na ɗauki jaririya, na sunkuya na gaida tsofaffi,
na raba waina har bayan la'asar.
Sai da dare, ina warware ɗankwali,
na tuna ashe da riga a jikina.
Na kira Lantana na faɗa mata.
Ta yi dariya: "To, ya yi ɗinki."