Hawa Na Ashirin

Shekara talatin ina yanka tikiti a tashar Ƙaura,
inda dogo ya gaji ya kwanta.
Tsakanin jirgi da jirgi akwai dogon yini,
ni da Nomau muka cika shi da wasan ces.
Dokinmu ɗaya ya ɓata tun ana kashe sule,
murfin kwalba ya gaje shi, bai taɓa ƙin tsalle ba.
Daga Gusau ake zuwa a gwada ni.

Bana jikana Lauwali ya zo hutu da waya,
ya ce akwai gwani a ciki,
hawa ashirin gare shi kamar tsani,
wanne zan ɗora ka?

A na biyar na ci shi kafin shayi ya huce.
Na takwas ya ja ni har la'asar, na ci,
amma cin bai zauna mini a ciki ba.
Ya yi tafiya goma kamar aljani,
sannan ya ajiye giwa a bakin kurtuna
kamar mai ba yaro alewa.
Kuskuren Nomau na san warinsa:
kwaɗayi ne, ko haushi, ko bashin mai hatsi,
da ya soma murza gemu na san yau akwai nama.
Wannan kuwa cewa aka yi ya faɗi, ya faɗi.

Na ce, Lauwali, kwance masa dabaibayi.

Ban ga duka ba, ban ga zare ido ba.
Ya tura kurtu ɗaya can gefe
inda ba a yaƙi,
na yi dariya a zuci.
Bayan tafiya sha bakwai
sarkina ya nemi ƙofa,
ga kurtun nan zaune a bakinta
kamar tun jiya ya yanki tikiti yana jira.

Sau tara muka yi. Sau tara.
Lauwali ya ce ko gwanayen duniya haka suke kwasa.
Na ce to, ba ni kaɗai ba ne a asibitin.

Abin da ya tsaya mini a rai,
da ya gama da ni sai ya tambaya ko za a sake.
Bai ce uffan ba kan dokin da na sadaukar,
wanda da Nomau ne, da ya cire hula,
ya zage ni,
ya yi mako yana ba da labari a mahauta.

Batir ya mutu da magariba.
Na sa murfin kwalba a aljihu,
na bi gefen dogo zuwa gidan Nomau.
Idonsa ya tafi, amma in an faɗa masa gidaje yana gani.
Na jera masa wasan tun daga farko.
Da na kai kan kurtun ya yi shiru,
ya kai hannu gemu,
ya ce, maimaita mini.