Sabunta Takarda

Shekara ashirin da bakwai ina koyar da lissafi a Azare,
yau ga ni kan bencin ofishin shige-da-fice a Bauchi,
fayil a cinya, gumi na neman jiƙa shi.

Fanka na juyi kamar an tilasta mata.
"Oga ya fita salla." Na jira.
"Oga na taro." Na jira.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse;
nawa tun hantsi yake kan wuta.

Sai la'asar: "Shafkat Mirza!"
Mai kakin bai ɗago ba.
"Ƙasarka?"
Na ce Pakistan, da karin harshen Katagum.
Matata na kwance a maƙabartar Azare,
wane hatimi ya fi wannan?
Na haɗiye. Baƙo ba ya ja da mai tambari.

Ya ɗago. Ashe Gambo ne, na kujerar baya,
wanda sau bakwai ta sa shi kuka a ajina.
Ya miƙe, ya rusuna: "Malam!"
Ya zauna, ya juya fayil,
ya sosa ƙeya:
"Saura hoto guda. A dawo Litinin."