Haƙorin Amílcar

Amílcar na Matosinhos, shekara talatin a teku.
Igiyar ruwa ta taɓa karya masa haƙarƙari, bai ce uffan ba.
Amma a ambaci kujerar likitan haƙori,
sai ya tuna da komar da bai ɗinke ba.

Mako uku turmi na sukarsa.
Kanumfari, ruwan gishiri, ƙwaya biyu.
"Gobe," yake ce wa Idalina.

Daren Laraba kunci ya tashi kamar kwaɓin burodi,
kumburi ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi.
Jiki zafi rau. Cokali ya ƙi shiga baki,
yawu ma sai da dabara.

Idalina ta ɗauko makulli, ba ta nemi shawara ba.
"Zogi kan jira safiya.
Abin da ya tare maƙogwaro ba ya jira."

A asibiti likita ta ce,
"In ya yi yawa, ɗaga hannu, zan tsaya."
Ya runtse ido yana lissafa jiragen tasharsu,
har da waɗanda suka nitse,
hannu na rawa bisa cinya.

Bai kai na sha huɗu ba
ta ce masa ya tofar.