Allon Filin Jirgi

Ma'azu ya dawo daga Dubai da agogo mai fuska biyu.
Ya ce ya karanta allon filin jirgi sama da ƙasa,
babu Damagaram.

To.
Tun zamanin kaka aka kwashe ofisoshi zuwa bakin kogi,
aka bar mana duwatsu
da famfo mai tari kafin asuba.

Amma da zazzaɓi ya kwantar da ni a Zango
kwano uku suka shigo, ban san masu su ba.
Habsu mai ƙosai ta aiko yaro:
ina mai cin bashina?

Ma'azu, can,
da ka kwana biyu ba ka fito ba,
wa ya yi sallama?

Ya duba agogonsa,
fuskar da ke nuna lokacin can.