Minti Goma Sha Ɗaya a Gadarif

Ƙarfe goma da kwata na hau soro
da eriyar da na ƙera da bututun famfo
da gutsattsarin tef ɗin awon magina.
Ikhlas na biye da ni, kwamfuta a hammata,
igiyar waya a haƙora,
tana ƙirga sakan ta hanci.

Lissafi ya ce ta arewa zai ɓullo,
bayan tankin ruwan maƙwabta.
Da rana ba a ganinsa.
Sai dai ka nuna sama fayau da ƙarfe
kamar mai tuhumar wanda ba ya nan.

Shuuu. Shuuu. Babu komai.
Sai wata siririyar murya irin ta gyare
ta tsaga hayaniyar ta shigo.
Ga shi, in ji Ikhlas, kar ka motsa.
A'a, motsa. A hankali. Sama kaɗan.

Daga tsakar gida Kawu Mahajub
ya ɗaga kai daga kan jabanarsa:
Ka tambayar mini shi, yaushe ruwa zai ɗauke?
Riɗi ya kusa yanka.
Na ce, Kawu, ba ya duba,
abin da ya gani kawai yake faɗa.
Ya ce, to ya fi mutane da yawa.

Hoton na sauka layi bayan layi
kamar zare a hannun masaƙi.
Ga bakin Bahar Maliya.
Ga gajimare ya yi sansani kan duwatsun Habasha.
Ga Shuɗin Nilu, wata jijiya a bayan hannun tsohuwa.
Na nemi gonarmu.
Duk da kunyoyinta, da bishiyar aduwa,
da ramin da taraktar haya ta maƙale bara,
ba ta cika ɗigo guda ba.
Ikhlas ta sa farce a gilashi: nan ne.
Na ce ta yaya kika sani?
Ta ce ai dole tana wani wuri.

Kafaɗata ta fara tsami.
Ya wuce tsakar ka, muryarsa ta yi ƙasa
kamar motar da ta gifta ka a hanyar Kasala.

Kakan kakanmu ya baro Haɗeja da ƙafa
da niyyar Makka.
Shekara bakwai yana tafe, yana noma, yana binne abokan tafiya,
nan guzuri ya ƙare, nan ya yi aure.
Shi kuwa wannan, in ya zagayo,
nan da awa ɗaya da minti arba'in,
duniya ta juya masa kafaɗa,
Haɗeja zai tarar a ƙarƙashinsa.
Ban taɓa zuwa ba.
Ban san ko akwai mai riƙe da bututu a can ba.

Ya gangara kudu, ta kan kasuwar hatsi.
Layin ƙarshe ya zo da yayyafin ƙura,
sannan shuuu.

Na sauke hannu, yana rawa.
Ikhlas ta rubuta lokacin gobe a tafinta da biro.
Kawu ya ce kofi ya huce,
kuma ko ba a tambayo masa ba,
gwiwarsa ta ce saura ruwa biyu.