Gado Na Tara

Ƙarfe biyu saura, ruwan Agusta na dukan kwano,
motar gidan yari ta tsaya, ba ta kashe fitila ba.
Tun kafin su sauko da shi na gane tarin.
Haladu ne. Karo na huɗu.

Gandiroba ya miƙo takardar alƙali, gefenta ya jiƙe,
ya kwance ankwa, ya ce in sa hannu,
kamar wanda ya sauke buhun dankali.
Na sa.

Wata bakwai ke nan da na raka shi bakin ƙofa,
ya yi kumatu, ya yi aski,
maganin wata guda a baƙar leda,
yana biya mini: fara da safe, rabin shuɗiya da dare.
Muryoyin da suka sa shi fasa motar mutane a Dilimi
sun yi shiru, har yana ba da labarinsu
kamar maƙwabtan da suka tashi.

Ya koma dako a Farin Gada.
Kwandon tumatir ba ya tambayar inda ka kwana bara,
masu kwandon ne ke tambaya.
Maganinmu na sa hannu rawa, yana kawo barci da hantsi,
tiramol kuwa na bayan rumfa, ba layi, ba kati.
Goskolo ya fi shayi ɗumi,
mai sayarwar ba ta taɓa ce masa mahaukaci ba.

Sista Kaneng ta ja tsaki, ta ɗauko bargo.
Tsakin ba nasa ba ne, na sani,
ta taɓa binne ƙanenta.

A takardarmu akwai gurbi: dalilin dawowa.
Layi ɗaya ne, bai kai tsawon yatsana ba.
Ina zan sa kuɗin mota zuwa Lamingo,
da yayan da ya canja kwaɗon ɗaki?
Na rubuta: ya bar shan magani.

Da allura ta fara kama shi,
ya juya ga taga, leɓensa a bushe:
Malama, attaruhuna fa?
Wanda ya shuka a gwangwanin madara.

Na ce yana nan, har ya yi 'ya'ya uku.
Ban ce ni ke ba shi ruwa ba,
kada ya tambaye ni
ko dama na san zai dawo.